Ranar da Na Kira Sunan Baffa Buba a Lasifika

Cikin duk shekarun da na yi ina jagorantar wasa a dandali, akwai wata Laraba da ba ta taɓa fita raina ba. Bayan girbi ne, ranar kasuwar wani ƙauye a ƙasar Dumega. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, sunayen mutanen ma na sauya su. Ku da kuka shigo aikin nan bana, gara ku ji labarin daga bakina, tunda ni na yi kuskuren.

Bari in fara da yadda aikin yake, saboda baƙin da ke cikinmu. Wasanmu ba irin wanda ake zama a kalla a tashi ba ne. 'Yan wasa suna nuna wata matsala har ta kai inda ta ɓaci, sai a tsaya cak. Daga nan jagora ya fito da abin magana ya tambayi jama'a ko haka ya kamata a yi. Wanda ya ga yana da dabara sai ya shigo fili, ya karɓi matsayin ɗaya daga cikin 'yan wasan, a sake yin wurin da shi. Ni ce jagorar ƙungiyarmu a lokacin, shekarata ta shida ke nan a aikin. Sama da ni akwai shugaban ƙungiya a Dogon Dutsi, sama da shi kuma akwai mai kula da furojen, wato shirin tallafin, da muke yi wa aiki, Isufu, da muke ce wa Mushe Isufu irin kiran girmamawa na Faransanci, wanda yake zuwa daga Doso lokaci-lokaci ya ga abin da muke yi.

Kafin a haɗa kowane wasa akwai abin da muke kira sauraro. Mukan shiga ƙauyuka mu yi kwanaki, mu zauna da mutane su ba mu labarin abin da ya same su, da shi muke gina wasan. A shekarar nan batun manoma da makiyaya aka ba mu, don haka na yi kwana uku a ƙauyen, ina zuwa gari ina zuwa ruga.

A rugar na haɗu da Baffa Buba. Dattijo ne siriri, mai magana a hankali, yana jin Hausa kamar Fulatanci. Na yi masa bayanin da muke yi wa kowa: abin da kuka faɗa mana za mu yi wasa da shi, amma ba za mu ambaci suna ba. Ya ce to. Kwana biyu ba ya gaya mini komai sai tsadar dusa da nisan rijiya. A rana ta uku, ina shirin tafiya, ya sa aka kawo mini nono, ya zauna ya ba ni labarin da ban tambaya ba.

Shekara bakwai kafin nan shanunsa sun shiga gonar wani manomi mai suna Arzika, gero ya fara ƙosawa, suka yi ɓarna sosai. Arzika da 'ya'yansa suka kama shi, suka ɗaure shi a gindin gawo da igiyar maruƙansa, suka ce sai mai gari ya zo. Ya yi rabin yini a ɗaure.

Ya ce mini, "Ɗiyata, ba igiyar ta ci mani rai ba. Aisa ce, lokacin tana ƙarama, ta kawo mani hura daji, ta iske ni haka. Ta tsaya da ƙwarya a kai, ba ta zo ba, ba ta koma ba."

Na rubuta wannan a littafina nan take. Gaskiyar magana, ba tausayi kaɗai nake ji ba. Na san na sami wurin da zai riƙe wasan gaba ɗaya. Na yi godiya, na hau moto, wato babur, na koma Dogon Dutsi. Ban tambaye shi yadda abin ya ƙare ba.

Muka haɗa wasan da gawon da igiyar da yarinya mai ƙwarya. Muka kai shi Matankari, muka kai shi ƙauyukan Dogon Kiriya. Ko'ina in yarinyar ta shigo ta tsaya, sai fili ya yi tsit. Mutane suna shigowa suna gwada dabarunsu, manoma da makiyaya, har mata. A can ba wanda ya san Buba, labari ne kawai na wani mutum.

Sai aka sauya tsarin tafiyarmu. Wani ƙauye ya ɗage saboda rasuwa, aka cike gurbin da ƙauyen su Baffa Buba, kuma ranar ce Mushe Isufu zai zo da kamara. Na ga takardar a biro, wato ofishinmu. Na je wurin shugabanmu na ce ina ganin a cire wurin ɗaurin. Ya ce, "Rabi, an ambaci suna a ciki?" Na ce a'a. Ya ce, "To in kin cire shi me ya rage?" Da na dage da ya yarda, mutum ne mai sauƙi. Ban dage ba, don ni ma ina so Mushe ya ga wurin.

Ranar muka kafa lasifika bayan la'asar a bakin kasuwa. Mai gari ya zauna a kujera, dattawa a tabarma, mata masu sayar da nono suka jeru a gefe da ƙoransu. Na hango Baffa Buba can baya, ya jingina da sandarsa. Na ɗaga masa hannu, ya ɗaga mini.

Wasa ya fara lafiya, ana dariya inda ya kamata. Da aka zo ɗaurin, sai na ji dariyar ta sauya. Ba ta yi tsit ba kamar sauran wurare. Wani gunaguni ne ya tashi, mutane suna taɓa juna. Da 'yar wasanmu ta shigo da ƙwarya a kai ta tsaya, rabin filin bai kalle ta ba. Suka juya suna kallon wata matashiya cikin masu nono, da goyo a bayanta. Ta sunkuyar da kai ta ja mayafi. A nan na gane Aisa ce, kuma na gane babu babba ɗaya a kasuwar nan da bai san labarin wa muke yi ba.

Abin da ya kamata in yi shi ne in tsayar da wasan, in sa makaɗa su cika wurin, mu wuce. Amma jiki ya saba. Na fito da abin magana na yi tambayar da na saba: "Jama'a, haka ya kamata a yi? Wa zai shigo ya nuna mana wata hanya?"

Ba wanda ya motsa. Sai wasu samari daga baya suka fara cewa, "Buba ya shigo, Buba ya shigo." Mushe Isufu yana gefena da kamara, bai san komai ba. Ya raɗa mini, "Madam, tun ɗazu ba makiyayi ko ɗaya da ya shiga. Ga wanda suke so, kira shi." A takardar rahotonmu akwai wurin da ake rubuta ko kowane ɓangare ya sa baki, kuma na san yana son ya cika wurin.

Na ɗaga abin magana na ce, "Baffa Buba, bisimilla."

Sunan ya fita ta lasifika ya game kasuwa, har masu awon hatsi suka ɗago. Ya daɗe bai motsa ba. Sannan ya ba wani na kusa da shi sandarsa, ya ratso mutane a hankali ya shigo fili. Na nuna masa wurin makiyayin, ɗan wasanmu Namata yana shirin kwance igiya ya ba shi wuri. Baffa ya girgiza kai.

Ya ce, "Bar shi nan. Ni mai gona zan yi."

Aka koma farkon wurin. Baffa Buba ya zagaya tabarmar da muka shimfiɗa a matsayin gona, yana duban ƙasa kamar mai ƙirga karan da aka karya. Ya tsaya gaban Namata ya ce, "Ɓarna dai an yi ta. Kora su waje, ka zo mu zamna inuwa, in aika a kira mai gari." Namata ya ɗan yi gardama kamar yadda aka koya masa, don kar abin ya zo da sauƙi. Baffa bai ɗaga murya ba, ya ce, "Na ji. Zamna dai." Suka zauna. Da yarinya mai ƙwarya ta shigo ta tsaya, ya yafuto ta ya ce, "Taho, kawo ma babanki ya sha. Magana ce muke yi."

Sai tafi ya ɓarke a filin. Wasu mata suna share ido. Ina cikin murna na ga wani dattijo mai jiki ya tashi daga tabarmar manya, ya ɗauki takalmansa a hannu, ya fita ba tare da ya sa su ba. Samari biyu suka bi shi. Wani ya ce mini Arzika ke nan. Da na waiwaya wurin masu nono, Aisa ma ba ta nan. Baffa Buba ya karɓi sandarsa ya tafi, bai tsaya gaisawar da muke yi da waɗanda suka shiga wasa ba.

A mota Mushe Isufu bai daina magana ba. Ya ce tunda ya fara aikin nan bai taɓa ɗaukar abu mai kyau kamar wannan ba, zai nuna shi a babban taron da za a yi a Doso. Ya ce in koma in sa dattijon ya dangwala hannu a takardar izini. Ka'ida ce, ba a nuna hoton mutum a taro sai da ita.

Bayan mako biyu na koma da takardar. Aisa na fara iskewa a bakin ruga tana wanke ƙwarya. Na gaishe ta, ta amsa ba ta dube ni ba. Na tambaye ta kasuwa. Ta ce ta daina kai nono can, yanzu sai wata kasuwar mai nisa, tafiyar safiya guda.

Na ce, "Saboda me?"

Ta ce, "In na shiga gari yara na bi na, suna cewa kawo ma babanki ya sha. Da an manta. Na yi aure, na haihu, ba mai tuna mani. Kin zo kin tashe shi."

Ta ƙara da cewa 'ya'yan Arzika suna yawo suna faɗin Fulani ne suka ɗauko 'yan wasa don a kunyata ubansu a kasuwa, har sun jibge ƙaya a hanyar da shanu ke bi ta gefen gonarsu zuwa rijiya. Kwana goma ke nan ana zagaye mai nisa da dabbobi.

Baffa Buba yana ƙarƙashin bukka. Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo nono kamar wancan karon, abin da ya fi zagi yi mini nauyi. Na ba shi haƙuri. Na ce amma na faɗa masa tun farko za mu yi wasa da labarin.

Ya ce, "Kin faɗi. Ni ban taɓa ganin wasanku ba. Na ɗauka irin na rediyo ne, can nesa, murya ba fuska." Ya ci gaba da cewa, "Kuma kin kira sunana gaban mai gari. In na ƙi tashi, a ce har yau ina riƙe da Arzika a rai. In na tashi na kama igiya, in sake ɗaure kaina gaban ɗiyata. Wace ƙofa kika bar mani?"

Don in rage wa kaina nauyi sai na ce abin da ya yi a fili ya koya wa mutane da yawa, ban taɓa ganin dabara mai kyau kamarta ba.

Ya ce, "Ba dabarata ba ce. Ta Arzika ce."

Ya ba ni sauran labarin, wanda ban tsaya na ji ba a karon farko. Bayan ɗaurin da 'yan kwanaki, Arzika ya zo rugar da kansa, shi kaɗai, da damin harawa a kai. Ya ce zafin ganin geronsa a ƙasa ne ya rufe masa ido, ya roƙi gafara. Damina ta zagayo, shanun Baffa suka sake kutsawa gonar, don a bakin hanya take. A ranar Arzika ya ce a kora su waje, a zauna inuwa, a kira mai gari. Da Aisa ta zo da hura, shi ya ce mata ta kawo wa babanta ya sha. Tun daga nan, duk shekara bayan girbi a gonar Arzika shanun Baffa suke kwana, su ci kara su bar masa taki.

Baffa ya ce, "Na ga kun nuna rabin mutum. Na ce bari in nuna sauran, ko ya samu inda zai sa fuskarshi. Sai jama'a sunka ɗauka gori nake yi mashi."

Na fito da takardar izinin, na karanta masa abin da ke ciki, don aikina ne in karanta. Na gaya masa yana da damar ya ƙi. Ya ce ya ƙi. Na ninke ta na mayar jaka.

Daga rugar na wuce gidan Arzika. Ya bar ni tsaye a zaure na ɗan lokaci kafin ya fito. Ban yi masa dogon bayani ba. Na ce ba wanda ya ɗauko mu, Baffa Buba bai san za mu kawo wasan nan garin ba, ni na ji labari rabi na ɗora shi a kasuwa. Na faɗa masa abin da Baffa ya ce game da damin harawa da zama a inuwa.

Arzika ya ce, "Shi ya gaya maki haka?"

Na ce shi ne.

Ya ce, "Ni na zaci ya manta da wannan, ɗaurin kawai ya riƙe." Can ya ƙara da cewa, "Ke kin tambayi Buba kafin ki yi wasanki, ko da bai gane ba. Ni wa ya tambaye ni?"

Wannan tambayar ba ta taɓa zuwa mini ba. A wurina Arzika ba mutum ba ne mai gida da jikoki a garin, mugun cikin wasa ne kawai.

Da na koma Dogon Dutsi na kira Mushe Isufu a waya na ce dattijon bai yarda ba. Ya ce in sake komawa in lallashe shi, ko a rufe fuskarsa a hoton. Na ce ko an rufe fuska, duk wanda ya fito daga yankin zai gane, kuma ba shi kaɗai abin ya shafa ba. Ya ce, "Madam, kin san abin da wannan hoton zai yi wa furojen nan? Da shi za a gane aikinku yana da amfani." Ba mugun mutum ba ne, yana so a ci gaba da aikin ne, mu ma muna so. Na ba shi labarin tun daga gawo har ƙayar da aka jibge a hanya. Sannan ya ce, "Ni na ce ki kira shi." Na ce shi bai sani ba, ni na sani. Da ya zo Dogon Dutsi mako na gaba, ya buɗe kwamfutarsa a biro ya goge hoton a gabana da gaban shugabanmu. A taron Doso ya tashi ba abin nunawa, ya yi bayani da baki.

Wanda ba mu iya gogewa ba shi ne na wayoyin mutane. Samari da yawa sun ɗauka a kasuwar, ya yi ta yawo har ya gaji don kansa.

Maganar hanyar rijiya ba mu muka gyara ta ba. Na so in koma mu yi taro a gaban mai gari, Baffa ya aiko mini cewa in bar su. Daga baya na ji cewa wata ranar kasuwa Arzika ya je ya zauna a tabarma ɗaya da Baffa Buba wurin masu sayar da goro, suka yi hira har la'asar inda kowa zai gan su. Washegari 'ya'yansa suka kwashe ƙayar. Aisa kuwa ta kusa shekara kafin ta koma kasuwar garin. Na haɗu da ita sau biyu bayan haka. Tana amsa gaisuwata, iyakarta ke nan, kuma ban ga laifinta ba.

Mun cire wurin ɗaurin daga wasan, muka sa wani da muka haɗa daga labarai huɗu, yadda ba mai cewa nasa ne. Bai kai na farko ƙarfi ba, ko kusa. Daga nan ne kuma muka sauya yadda muke aiki. In mutum ya ba mu labari, sai mun koma mun nuna masa wurin a gidansa, shi da iyalinsa, kafin kowa ya gani, don "to" ɗin wanda bai taɓa ganin dandali ba ba yarda ba ce. Muna tambaya su wa ke cikin labarin ban da shi, da kuma yadda abin ya ƙare. Ba ma kai labari garin da aka ba mu shi. Jagora kuma ba ya kiran sunan kowa, ko jama'a sun yi ta kira. In ba wanda ya shigo, a tsaya a yi shirun tare, a rubuta a rahoto cewa ba wanda ya shigo.

Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan. Za a koya maku cewa wasa ya yi kyau in mutane sun shigo fili, kuma za ku ji daɗin tafi, ni ma na ji. Amma ɗan wasa in an gama yana cire rawani ya shiga mota. Wanda ya shigo daga cikin jama'a da fuskarsa ya shigo, da ita zai koma gida, gobe kuma da ita zai je rijiya ya iske mutanen da suka kalle shi. Mu kafin magariba mun kama hanyar Dogon Dutsi. Su a garin za su kwana.